Kafin a ba mutum alli da makullin aji

Sakataren Iyaye: Assalamu alaikum iyaye. Saura mako 3 a koma lekol a nan Garwa, kuma ajin CP da na CE2, wato aji 2 da aji 4 na firamare, har yanzu ba malami. Gwamnati ba ta turo kowa ba, don haka bana ma APEE, ƙungiyarmu ta iyaye da malamai, ce za ta ɗauki malamai guda 2 da iyaye ke biya, da maigadi 1 tunda tsoho ya ce ƙafa ta gaji. Dosiyen mutum 7 ne a hannuna. Kwamiti ya kawo shawarar kada a ɗauki kowa sai ya kawo katin ɗan ƙasa, da takardar karatunsa ta asali, da kaziye lamba 3, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wanda bai wuce wata 3 ba, sannan ya faɗi makarantar da ya baro don a tuntuɓe su. Wasu sun ce an tsananta. Kowa ya faɗi ra'ayinsa nan kafin Juma'a.

Alhaji Baban Nafi: Wa alaikumus salam. Sakatare, malamin jaka 30 a wata za ku ɗora wa wannan tulin takardu? Ko minista za a naɗa? Yaron da na kawo muku na san ubansa, sahu ɗaya muke salla shekara da shekaru. Ya sauke Alƙur'ani, yana da BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare, ba ya shan ko sigari. In na je na ce masa sai ya kawo takardar kotu, da wane ido zan dubi ubansa? Cewa zai yi na ɗauki ɗansa ɓarawo.

Maman Ummi: Alhaji, ubansa ka sani. Shi ɗin fa?

Alhaji Baban Nafi: Hajiya, ɗan gidan mutunci ne.

Maman Ummi: Allah ya ƙara musu mutunci. Amma yaron da ka ba makullin shagonka a babbar kasuwa, ni shaida ce sai da ka aika har Pitowa aka tambayi wanda ya yi wa aiki a da. Wancan atamfa da shadda zai tsare. Wannan yara 70 za a rufe masa a ɗaki tun safe har azahar, ciki har da Nafi.

Alhaji Baban Nafi: To, na ji. Amma a bi a hankali.

Kawu na Kotu: Bari in sa baki tunda abin ya shafi wurin cin abincina. Ina goyon bayan a nemi kaziye, amma kada iyaye su ɗauka in an kawo shi an gama. Kaziye kala 3 ne. Lamba 1 ta alƙalai ce, lamba 2 hukumomin gwamnati ake ba, lamba 3 ita ce wadda mutum yake nema da kansa ya kai inda aka buƙata. Kuma ba a kotun garin da yake zaune ake cirowa ba, a kotun yankin da aka haife shi ne. Wanda aka haifa a Mokolo, ko ya shekara 20 a Garwa, takardarsa daga can za ta fito.

Abin da ke ciki kuwa shi ne hukuncin da kotu ta riga ta yanke, ya tabbata. Ƙarar da aka kai komisariya aka janye ba ta ciki. Maganar da aka kashe a zauren jauro, wato mai unguwa, ba ta ciki. Wanda direkta ya kira ofis ya ce masa tattara naka ka tafi salin alin, shi ma ba ya ciki. To ku gaya mini, cikin irin waɗannan maganganu na taɓa yara da muke ji a unguwanninmu, nawa ne suka kai gaban alƙali? Ni da nake ganin dosiyoyin da ke shigowa na san kaɗan ne ƙwarai. Mutum zai lalata yarinya a gari 3, ya zo muku da takarda fara fes.

Sai kuma wanda ya tsallako daga Mubi ko Injamena. Ko an ɗaure shi a can, takardar Kamaru ba ta san da zancen ba.

Goggo Ma'aji: Ke nan mene ne amfaninsa, Kawu? Mu sa talaka kuɗin tambur da na mota a banza?

Kawu na Kotu: Ba a banza ba, Goggo. Yana tare wanda aka taɓa ɗaurewa, kuma akwai su. Sannan mai abin ɓoyewa, da ya ji ana neman takardar kotu, sau da yawa ba ya dawowa. Cewa na yi kada a tsaya nan.

Baba Direkta: 'Ya'yana, ku ba ni dama in yi doguwar magana, tsoho ba ya iya taƙaitawa.

Lokacin ina riƙe da wata makaranta a ƙauye, wani saurayi ya zo neman aiki ana cikin zango na biyu. Tsaf da shi, Faransancinsa kamar ruwa, rubutun allo kamar an buga da inji. Ya miƙo takardar shaida daga makarantar da ya baro, da hatimi da sa hannu, an rubuta ya yi aiki da himma kuma shi ya nemi tafiya don dalilin iyali. A lokacin malami 3 gare ni ga aji 6. Muka ba shi CM2, ajin ƙarshe na firamare, iyaye har da rakiyar kaza.

Watan farko ba abin da za ka ce. Sai ya kawo shawarar zai riƙa yi wa masu jarrabawar gama firamare ta CEP ƙarin karatu kyauta ranar Laraba da yamma. Kun san Laraba rabin yini ake yi, kafin ƙarfe 1 makaranta ta watse, ba kowa sai awaki. Kowa ya sa masa albarka. A hankali ƙarin karatun ya koma na 'yan mata zalla, wai maza ba sa natsuwa. Daga nan ya koma na mutum 4, wai su ne masu ƙoƙari. Yana saya musu fanke da alawa. Littattafan da zai duba kuma ba ya ɗauka da kansa, kullum yarinya ɗaya ce ke kai masa ɗaki a ka.

Wadda ta fara lura ba malama ba ce, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa ce. Ita ta ce wa matata, me ya sa tagar ajin nan ta katako ake rufe ta ranar Laraba alhali ana wannan zafi? Sannan uwar yarinyar ta ce duk ranar Laraba 'yarta sai ta tashi da ciwon ciki, ta ce ba za ta je ba, a dake ta a kora ta. Ba zan faɗi sauran ba. Kafin jandarmomi su iso ya hau mashin ya ɓace.

Bayan an kwana biyu na haɗu da direktan da ya sa hannu a waccan takarda, a wani taron malamai. Na ja shi gefe na ce, ka san halin mutumin nan? Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, abin da ya kore shi ke nan, iyayen yarinyar can ne suka roƙa a rufa asiri, shi kuma mutumin ya ce ba zai tafi ba sai da takarda. Na ce to me ya hana ka gaya mini? Ya ce, ai ba ka tambaye ni ba.

Shi ya sa a cikin sharuɗɗan nan 4, na ƙarshen ne nawa. Takardar yabo ba ta da wuyar samu, wani lokaci ma ita ce kuɗin da ake biyan mugu don ya tafi ba hayaniya. A kira mutum a ji muryarsa. In da hali a taka a je.

Maman Ummi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, jikina ya mutu.

Mushe Ƙarami: Baba, Allah ya saka da alheri, amma ku bar ni in faɗi ta ɓangarenmu, tunda mu ne za a bincika. Na fito makarantar horon malamai ta ENIEG da takardar koyarwata ta CAPIEMP, shekara 5 ke nan ina jiran gwamnati ta ɗauke ni, ina yawo daga wannan makaranta zuwa waccan. Makarantar kuɗin da na bari ta ƙarshe, mai ita yana riƙe da albashina na wata 4. Da na matsa sai muka rabu dutse a hannun riga. Yau in kuka kira shi, me kuke zaton zai ce a kaina? Kalma ɗaya zai jefa, ya ce "ku dai yi hankali da shi", shi ke nan na mutu a garin nan, kuma ba zan taɓa sanin abin da ya kashe ni ba. Akwai kuma uban da ɗansa ya faɗi jarrabawa ya ƙulle ka a zuci. Ba kowane zargi ne gaskiya ba.

Alhaji Baban Nafi: Yauwa! Abin da nake gudu ke nan. Za a buɗe ƙofar sharri.

Baba Direkta: Ɗana Mushe, maganarka tana kan hanya, kuma na ga irin haka. Maganinsa shi ne kada a tambayi mutum ɗaya, kuma kada a yi tambayar "yaya halinsa". Wannan kowa zai ce lafiya lau, ko ya ce a yi hankali, duk ba ka ƙaru da komai ba. Tambaya ake yi mai baki: yaushe ya fara, yaushe ya bari? A ƙarshen shekara ya tafi ko a tsakiya? An taɓa kawo ƙararsa a kan wani yaro ko yarinya? Wa ya kawo, me aka yi? In ya dawo gobe za ka sake ba shi aji? Mai ƙarya don haushin kuɗi yana tuntuɓe a tambaya ta uku, domin ba shi da rana ba shi da suna. Sannan a tambayi wani daban, shugaban iyayen can, ko wata malama da suka yi aiki tare. In magana ta fito, a kira mai neman aikin a gaya masa, a ji nasa. Ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa.

Abu ɗaya kuma, Sakatare. Kada ku kira lambar da mai neman aikin ya rubuto. Abokinsa zai ba ku, ya ɗaga ya ce shi ne direkta. Ku bi ta ofishin sufeton makarantun yankin ku karɓi lambar, ko ku tambayi wanda kuka sani a garin.

Sakataren Iyaye: Na rubuta, Baba.

Mushe Ƙarami: In har za a kira ni a ji nawa, ban ƙi ba. Amma a sa shi a rubuce, kada ya zama alkawarin baki.

Hajiya ta Yelwa: Ni tambayata ga Malam ce. Wannan kiraye-kirayen a tono abin da mutum ya yi a baya, ba giba ba ce? An ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. Wataƙila ma ya tuba.

Malamin Islamiyya: Hajiya, tambaya mai kyau, kuma da wannan hadisin ne mutane da yawa suke rufe bakinsu a inda bai kamata ba. Malamai sun yi bayani. Imamu Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare 6 da faɗin aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai gargaɗin Musulmi daga cutarwa, da ba da shawara ga wanda ya nemi shawararka a kan wanda zai yi hulɗa da shi. Hujjar tana cikin Sahihu Muslim: Faɗimatu bintu Ƙais ta zo wa Annabi (SAW) ta ce Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta. Bai ce mata duka mutanen kirki ne je ki zaɓa ba. Ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Sahabbai ne fa, amma da aka nemi shawara sai aka faɗi abin da yake akwai.

Rufin asiri yana kan zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda cutarsa ke faɗa wa yaran mutane, in aka tambaye ka ka ɓoye, ka ci amanar mai tambaya, kuma kana da kaso a abin da zai biyo baya. Tuba kuwa muna yi wa kowa fatanta. In ya tuba, Allah ya karɓa, ya je ya yi noma ko kasuwanci. Tuba ba ta wajabta mana mu mayar da shi cikin yara ba.

A Suratul Ƙasas aya ta 26, 'yar dattijon nan na Madyana ta ce wa babanta mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Difloma tana nuna ƙarfin. Amanar kuma sai an bincika.

Kuma kada a ce lekol kaɗai. Ni ina roƙo sharaɗin nan ya hau kan masu koyar da Islamiyya ta yamma, har da ni. Rawani ba shaida ba ne.

Hajiya ta Yelwa: Na gamsu, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Ɗan Rumde: Ni dai duk wannan dogon Turanci ne. Akwai wani da kowa ya san abin da ya yi a wata makaranta a ƙetaren gada, yanzu haka yana koyarwa a wani wuri. Ga hotonsa nan, kowa ya watsa.

Sakataren Iyaye: Na goge hoton. Ɗan'uwa, kada a sake.

Ɗan Rumde: Kun gani? Ku ne masu rufa musu asiri.

Kawu na Kotu: Ƙanena, kwantar da hankalinka. In ka watsa hoton mutum da wannan zargi ba ka da hujja a hannu, shi zai riga ka zuwa kotu, sashe na 305 na dokar hukunta laifuka yana jiranka a kan ɓata suna. Na biyu, duk wanda ya ga hoton zai fara lissafin wace yarinya ce, kafin magariba an gano gidansu. Ita za ta biya kuɗin fushinka. In kana da abin da ka sani da gaske, zo ka same ni gobe, in nuna maka yadda ake rubuta wa mai gabatar da ƙara, a kuma sanar da sufeton da makarantar take ƙarƙashinsa.

Ɗan Rumde: A kai ƙara a ce ana bincike, shekara ta wuce. Mun san wannan.

Kawu na Kotu: Yana faruwa, ban musa ba. Ka zo dai.

Inna Ungozoma: Ni a ɗakin haihuwa nake, ƙarshen labarin ne yake iso mini. Yarinya 'yar shekara 13 ko 14, an lulluɓe ta da zanen uwarta, ciki ya yi wata 5, kakarta ce ta kawo ta da daddare don kada maƙwabta su gani. Ka tambaya wane ne, sai kakar ta ce a bar kaza cikin gashinta. Wani lokaci ma an riga an shirya, wai mutumin zai aure ta a wuce wurin.

Iyaye mata, ku riƙe wannan: in abu ya faru, kada a yi wa yarinya wanka a zauna ana shawara kwana da kwanaki. A kawo ta asibiti nan take. Maganin da ke kare ta daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce ya wuce. Kuma a lokacin ne likita zai iya rubuta takardar shaidar da kotu za ta karɓa.

Sannan ku daina cewa 'yan mata kaɗai. Ana kawo yara maza, su ma sun fi ɓoyewa. Shi ya sa maigadin nan da kuke ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, ni shi na fi so a bincika. Shi ke da makullin kowane ɗaki, shi ke nan bayan kowa ya tafi, yaron da aka makara ɗauka a wurinsa yake zama.

Kawu na Kotu: Inna ta taɓo batun aure, bari in gyara wa mutane fahimta. A tsohuwar doka auren yana iya kashe shari'ar. Dokar hukunta laifuka ta 12 ga Yuli 2016 ta rufe wannan ƙofa: sashe na 297 ya ce auren wanda ya yi fyaɗe da wadda ya yi wa ba ya tsayar da tuhuma ko hukunci. Fyaɗe a sashe na 296 ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne, sashe na 298 kuma ya ninka shi in mai laifin yana da iko a kan wadda aka cuta, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko malamin addini. In yarinya ƙarama ce hukuncin ya fi haka nauyi. Har wanda bai kai ga taɓawa ba, yana dai matsa wa ɗaliba da barazanar maki don ta ba shi kanta, sashe na 302-1 ya tanadar masa shekara 3 zuwa 5 in shi ke da alhakin karatunta. Doka ba ta gaza ba. Dosiye ne ba ya isowa.

Inna Ungozoma: Ko a lise, wato sakandare, ma an samu sauƙi. Tun 2022 ministar makarantun sakandare Nalova Lyonga ta fitar da umarnin a daina korar ɗaliba don ta yi ciki. Da can ita ake kora, shi yana nan da allinsa. Masu 'yan'uwa a Marwa kuma su sani akwai ƙungiyoyin da ke tsaya wa irin waɗannan yara, kamar ALVF ta su Aissa Doumara da ALDEPA ta Marthe Wandou. Ba sai iyali sun ɗauki kayan su kaɗai ba.

Yaya na Liyon: Ina biye da ku daga nan. Abin da Kawu ya faɗa na cewa labari ba ya tafiya daga ofis zuwa ofis, har a Faransa ya faru. A 2015 aka kama direktan wata firamare a Villefontaine, nan kusa da mu, da laifin lalata yaran ajinsa. Da aka bincika sai aka ga tun 2008 kotu ta taɓa hukunta shi a kan hotunan batsa na yara, amma ma'aikatar ilimi ba ta samu labari ba, ya ci gaba da koyarwa har ya zama direkta. Sai a Afrilun 2016 suka yi dokar da ta tilasta wa masu gabatar da ƙara su sanar da ma'aikata in irin wannan ta taso a kan mai aiki da yara. Ƙasar da komai yake cikin kwamfuta ke nan.

Alhaji Baban Nafi: To in Faransa da kwamfutarta ta kasa, mu da littafin rajista da bera ya ci gefe fa?

Yaya na Liyon: Alhaji, ku kuna da abin da ba su da shi. A Garwa in ka yi waya 3 sai ka samu wanda ya san mutum tun yana yawo ba wando. Tambayar ce ba a yi.

Hajiya ta Yelwa: Ƙanwata da ke aure a Yola ta ce su can Najeriya tun 2019 aka buɗe rajistar masu irin wannan laifi ta ƙasa baki ɗaya.

Kawu na Kotu: Haka ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke riƙe da ita. Amma ita ma sai maganar ta kai hannun hukuma take shiga. Mun dawo inda muka fara.

Goggo Ma'aji: Ni bari in sauko da ku ƙasa, tunda jakar a hannuna take. Bara iyaye kusan rabi ba su biya kuɗin APEE ba, malamanmu sun yi wata 2 ba a ba su ko dala ba. Malamin kirki mai takarda ba ya zama a haka, da ya samu inda ya fi sai ya tafi, mu koma neman duk wanda ya samu a tsakiyar shekara. A irin wannan gaggawar ce ake ɗaukar wanda ba a sani ba. Duk mai son a yi bincike ya fara da biyan nasa.

Shawarata: wanda aka ɗauka, APEE ta mayar masa da kuɗin da ya kashe wajen kaziye a albashin farko. Kuma ranar ganawa da su a sa mace a cikin masu tambaya. Shekara nawa maza 3 ne suke zama su gama su fito su ce mana an ɗauka.

Maman Ummi: Na goyi baya. A sa Inna Ungozoma.

Inna Ungozoma: In ba ranar aikina ba ce zan zo.

Mushe Ƙarami: A ƙara da dokar aiki a rubuce, kowa ya sa hannu, don ta kare mu mu ma. Ba ƙarin karatu sai da sanin direkta kuma ƙofa a buɗe. Ba aiken ɗalibi gidan malami, ko ɗebo ruwa ko kai littafi. Ba malami ya riƙa kiran wayar yarinya, in da magana a kira uwarta. Ni kaina iyaye sun sha turo mini yara da kwanon abinci har ɗaki, in na mayar a ce ina da girman kai.

Baba Direkta: A sa har da bulala. Dokar tsarin ilimi ta 14 ga Afrilu 1998, sashe na 35, ta hana dukan ɗalibi. Yaron da ya saba malami yana da ikon jikinsa ba ya iya cewa a'a.

Alhaji Baban Nafi: A'a Baba Direkta, nan kam ban bi ka ba. Mu da bulala aka gyara mu.

Sakataren Iyaye: Maganar bulala a ajiye ta wata rana, in ba haka ba za mu kwana a nan.

Maman Ummi: Sakatare, ina da tambaya, kuma ba da neman fitina ba. Muna ta shirin kiran wasu makarantu su gaya mana gaskiya. Mu fa, in aka kira mu? Malamin CE2 na bara a watan Maris ya tafi, ana tsakiyar karatu. An ce mana ya samu aiki a Ngaundare. Me ya tafi da shi? Kuma an ba shi takarda?

Hajiya ta Yelwa: Ni ma na so in tambaya.

Alhaji Baban Nafi: Hajiya, abin da ya wuce ya wuce.

Maman Ummi: Bai wuce ba in yana wani aji yanzu, Alhaji.

Sakataren Iyaye: Hajiya, mutum sama da 100 ne a nan, ba zan yi maganar wani da ba ya nan ba, ko ta alheri ko akasinta. Shirun nawa kuma kada kowa ya fassara shi. Tambayarki tana da hakki, za a amsa ta a zaman kwamiti gaban direkta.

Baba Direkta: Daidai ne kada a yi ta nan. Amma a ƙara sharaɗi na 5, wannan a kanmu yake: duk wanda aka kawo ƙararsa a kan yaro, ba a ba shi takardar yabo don ya tafi, ba a ce masa ajiye aiki da kanka mu rufe. A rubuta abin da aka ji, a sanar da sufeto, in ya kai na hukuma a kai. Wanda aka bincika aka ga ƙarya aka yi masa, a rubuta hakan ma, a wanke shi a gaban waɗanda suka ji zargin. Kuma duk makarantar da ta kira mu, a gaya mata abin da ke rubuce.

Malamin Islamiyya: Na sa hannu a wannan tun yanzu.

Goggo Ma'aji: Na 5 ɗin nan shi zai yi wuya. Ranar da abin ya faɗo kan ɗan wani babba a unguwa za mu ga masu sa hannu.

Alhaji Baban Nafi: To, tunda kun taru a kai. Na kira yaron yanzu, ya ce ba shi da matsala, har ya ce a kira inda ya koyar bara. Sai dai a Mora aka haife shi, kuma ya ce ba lalle takardar ta iso kafin a koma ba. Ba za a bari ya fara ba, in ta zo ya kawo?

Kawu na Kotu: In yana da wanda zai bi masa a can da kwafin takardar haihuwarsa, mako 3 ya isa. Ya fara gobe, kada ya jira.

Maman Ummi: In ba ta iso ba a haɗa ajin da na wata malama na 'yan kwanaki. Mun yi haka bara har wata guda ba wanda ya mutu.

Mushe Ƙarami: Yara 140 a ɗaki ɗaya, Hajiya? Ku zo ku gwada yini guda.

Sakataren Iyaye: Za a duba wannan ranar Juma'a. Baba Direkta, don Allah ka rubuto mini tambayoyin nan a tsare. Kawu, kai za ka duba takardun da aka kawo ko na gaske ne. Ni da Goggo za mu je ofishin sufeto ranar Laraba mu karɓo lambobin. Zama bayan la'asar a ofishin direkta. Maman Ummi, ki zo da kanki.

Maman Ummi: Zan zo. A fito da dosiyen malamin CE2 ɗin kafin in iso.